Robert Koch: Likitan Ƙauyen Da Ya Gano Inda Ciwon Saifa Ke Ɓuya

Manomi da makiyayi, musamman ku mutanen Kalmalo da kewayen Illela da ke zaune a kan hanyar da dabbobi ke bi tsakanin Najeriya da Nijar, yau tarihin wani likita za mu duba. Sunansa Robert Koch, mutumin Jamus ne, ya rasu tun 1910, kuma bai taɓa taka ƙasar Hausa ba. Amma duk ranar da malamin dabbobi ya hana ka feɗe saniyar da ta faɗi farat ɗaya, ko ma'aikacin asibiti ya ba ka ɗan kwano ya ce ka tofa majina a auna, ko aka ce wa uwargida ta tafasa madara kafin ta kwantar da ita, to aikin wannan mutum ne ake bi. Ga yadda abin ya faro.

Tasowarsa

An haifi Koch ranar 11 ga Disamba, 1843, a garin Clausthal, wani garin masu haƙar ma'adinai a cikin duwatsun Jamus. Mahaifinsa ma'aikacin ma'adinan ne, kuma gidan cike yake da yara, su goma sha uku, shi ne na uku. A 1862 ya shiga jami'ar Göttingen, ya fito da shaidar likita a 1866. Cikin malamansa akwai Jakob Henle, wanda tun da daɗewa yake da ra'ayin cewa wasu ƙananan halittu masu rai ne ke yaɗa cututtuka, sai dai ba shi da hujjar da zai kafa.

Ka san a wancan zamani yawancin likitocin Turai sun ɗauka gurɓatacciyar iska da warin fadama su ne ke kawo annoba. Wasu kuma suna cewa gado ne, ko raunin jini. An riga an ƙera madubin da ke ƙara girman abu, an kuma ga ƙananan halittu a cikin ruwa da ruɓaɓɓen nama, amma ba wanda ya iya nuna cewa wannan ƙwaya ita ce ke kawo wannan ciwo.

Koch ya yi aure a 1867, ya yi ta yawon aikin likita a ƙananan garuruwa, ya kuma yi aikin jinyar sojoji a yaƙin Jamus da Faransa na 1870 zuwa 1871. A 1872 aka ba shi muƙamin likitan gunduma a Wollstein, garin manoma wanda yanzu yake cikin ƙasar Poland. Ba jami'a a wurin, ba ɗakin gwaje-gwaje. Marasa lafiya ne, da haihuwa, da tafiye-tafiye ƙauyuka a keken doki.

Ciwon saifa, da tambayar da ta gagari kowa

Yankin Wollstein na fama da ciwon saifa. Ka san shi. Dabba tana kiwo lafiya lau da safe, kafin la'asar ta faɗi. Ciki ya kumbura nan da nan, baƙin jini yana tsattsafowa ta hanci da baki da dubura, jinin kuma ba ya daskarewa. In an feɗe, sai a tarar saifa ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, daga nan ma ciwon ya samo sunansa a Hausa. Yana kama shanu da tumaki da awaki da raƙuma da dawaki, yana kuma kama mutum.

Kafin Koch, wasu masana irin su Pollender a Jamus da Davaine a Faransa sun ga wasu abubuwa masu kama da ƙananan sanduna a jinin dabbobin da ciwon ya kashe. Davaine har ya nuna cewa jinin yana sa wa dabba mai lafiya ciwon. Amma akwai abin da ya ɗaure wa kowa kai. Waɗannan sanduna ba sa daɗewa a waje, suna mutuwa cikin 'yan kwanaki. To me ya sa wani fili zai kashe tumaki bana, a ƙaurace masa shekara da shekaru, ranar da aka dawo da garke ya sake kashewa? Manoman Turai sun san irin waɗannan filaye, har suna ganin la'anannu ne. Makiyayanmu ma sun san mashayar da iyayensu suka ce kada a kai shanu.

Koch ya raba ɗakin da yake ganin marasa lafiya da labule, ya mayar da rabin wurin bincike. Ba shi da allurar da ta dace, sai ya riƙa fiƙe ɗan tsinken itace, ya tsoma a jinin saifar dabbar da ta mutu, ya soka wa ɓera a gindin wutsiya. Washegari ɓeran ya mutu, saifarsa cike da sandunan nan. Ya ɗauka daga wannan ɓera ya sa wa wani, haka haka, kullum sakamako ɗaya. Ɓeran da aka soka wa jinin dabba mai lafiya kuwa ba abin da ya same shi.

Duk da haka mai gardama zai iya cewa wata guba ce a cikin jinin, ba sandunan ba. Sai Koch ya nemi hanyar da zai rene su a wajen jikin dabba. Ya samo ruwan cikin idon sa daga mahauta, ya ɗiga a kan gilashi, ya sa ɗan ƙanƙanin yankin saifa, ya ɗumama shi daidai da ɗumin jiki, ya zauna yana kallo ta madubi. Da idonsa ya ga sandunan suna tsawo suna zama kamar zare, suna ninkuwa. Ya ɗebi kaɗan ya sa a sabon ɗigo, daga nan zuwa wani, har sau takwas, ta yadda babu sauran jinin asali. Da ya sa wa ɓera na ƙarshen, ɓeran ya mutu da ciwon saifa. Ka ga ke nan halittar ce da kanta, ba jinin ba.

Abin da ya fi muhimmanci gare ka shi ne abin da ya gani daga baya. Idan abinci ya ƙare wa ƙwayar, kuma akwai iska da ɗumi, sai ta dunƙule ta zama wani ɗan ƙwallo mai tauri a cikin zaren. Zaren ya narke, ƙwallon ya saura. Kamar dai irin ciyawa ne da ke kwance a ƙasa duk tsawon rani, rana ba ta kashe shi, bushewa ba ta kashe shi, yana jiran ruwan farko. Wannan iri na ciwon saifa yana iya zama a ƙasa shekaru gommai. Ranar da dabba ta haɗiye shi da ciyawa ko ruwa ko ƙura, sai ya tsiro ya koma sanda ya cika jini.

A watan Afrilu na 1876 Koch ya kwashi gilasansa da ɓerayensa ya tafi jami'ar Breslau wurin Ferdinand Cohn, babban masanin tsirrai da ƙananan halittu. Ya yi kwanaki yana nuna musu gwajin a gabansu. Cohn ya gamsu, ya buga aikin a mujallarsa a wannan shekara. Wannan ne karo na farko da aka bi rayuwar wata ƙwayar bakteriya daga farko zuwa ƙarshe, aka kuma ɗaura mata alhakin wani ciwo da hujja.

Abin da wannan ke nufi a garkenka

Tsaya nan tukuna, domin a nan ne dukiya da rai suke. Ƙwayar ba ta zama irin nan mai tauri sai ta sha iska. Muddin gawar dabbar a rufe take, zafi da ruɓewa suna kashe yawancin ƙwayoyin cikin 'yan kwanaki. Amma da zarar ka sa wuƙa, jini ya zuba a ƙasa, to ka shuka ciwon a wurin, ka bar wa 'ya'yanka da jikokinka.

Mun san yadda abin yake. Saniya kuɗi ce mai yawa. In ta fara tangaɗi, abin da ke zuwa wa mutum shi ne a yi maza a yanka kafin ta zama mushe, a kira mahauci a rage asara. A ciwon saifa wannan dabara ita ce mafi muni. Mai yankan da mai fiɗar suna iya samun ƙurji a hannu ko wuya ko fuska, wanda ke fashewa ya yi baƙin ɓawo a tsakiya, gefensa a kumbure, kuma sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa ake raina shi. Waɗanda suka ci naman suna iya kamuwa ta hanji, da ciwon ciki da amai da gudawar jini, kuma wannan yana kisa da sauri. Fatar ma ba ta tsira ba. Irin yana manne a ƙirgi ko bayan ya bushe, ya bi shi har majema. Yankin Sakkwato kuwa an san shi da fatar jar akuya tun zamanin fatake, don haka masu jima da dillalan fata su ma maganar ta shafe su.

Saboda haka dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini na fita ta kafofinta, kada a feɗe, kada a ja ta a ƙasa, kada a bar wa karnuka da ungulu. A rufe ta, a kewaye da ƙaya, a kawar da sauran garken, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Ƙonewa ƙurmus a inda ta faɗi shi ya fi. In ba hali, a haƙa rami mai zurfin aƙalla mita biyu, nesa da rijiya da hanyar ruwa, a binne ta tare da ƙasar da jinin ya taɓa. Wurare masu kwari irin fadama da bakin tafki, inda ruwan damina ke tara abin da ya kwaso sannan ya janye dabbobi su taru, su ne aka fi sa wa ido. Wanda ke noman rani ko shayar da dabbobi a fadamar Kalmalo ya riƙe wannan.

Kuma ciwon bai zama tarihi ba. A watan Yuli na 2023 hukumomin Najeriya sun tabbatar da ɓullarsa a wata gona a Suleja ta jihar Neja, jim kaɗan bayan ya ɓulla a arewacin Gana. Garin da ke da babbar kasuwar dabbobi kamar Illela, inda ake shigo da shanu da raƙuma da tumaki ta Birnin Ƙwanni, dole ya fi kowa kula.

Berlin, da dabarar rene ƙwaya ita kaɗai

A 1880 gwamnatin Jamus ta kira Koch Berlin, ta ba shi wurin aiki da mataimaka. Matsalar da ya fuskanta a lokacin ita ce, in ka ɗebo majina ko mugunya ko ruwan rijiya, ƙwayoyi iri-iri ne a cakuɗe, kamar gonar da aka watsa gero da dawa da wake da ciyawa wuri guda. Ta yaya za ka ware ɗaya?

Ya fara da yankakken dankalin Turawa dafaffe. In aka shafa abu a kai sama-sama, kowace ƙwaya tana tsayawa inda ta faɗa, ta hayayyafa ta zama ɗan tabo da ido ke gani, kuma duk abin da ke cikin tabon zuriyar ƙwaya ɗaya ce. Daga nan ya koma romo mai daskarewa, irin yadda romon ƙafar sa ke kamewa in ya huce. Amma wannan yana narkewa a ɗumin jiki. Sai Fanny Hesse, matar wani mai aiki tare da shi, ta kawo shawarar wani abu da ake samu daga ciyawar teku, ana kiransa aga, wanda take amfani da shi a girki. Shi ba ya narkewa da wuri. A 1887 wani mataimakinsa, Julius Petri, ya fito da ɗan faifan gilashi mai murfi. Je ka kowane ɗakin gwaji yau, a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato ko a cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wannan faifai da wannan aga za ka tarar.

Daga wannan aiki ne aka tsara sharuɗɗan da ake kira da sunansa. Kafin a ce ƙwaya kaza ce ke kawo ciwo kaza, sai an same ta a jikin masu ciwon, an ware ta an rene ta ita kaɗai, an sa wa dabba mai lafiya ta kamu da ciwon, sannan an sake samo ta a jikin wannan dabbar. Daga baya an gano akwai cututtukan da ba sa bin wannan tsari sak, amma shi ya koya wa likitoci bambanci tsakanin zato da hujja.

Almajiransa suka bazu da dabarar. Friedrich Loeffler ya ware ƙwayar ciwon maƙarau a 1884, Georg Gaffky ya rene ta taifot a wannan shekara, Kitasato ɗan Japan ya rene ta sandar wuya a 1889. Cikin shekara ashirin aka gano masu laifin yawancin manyan cututtukan bakteriya.

A Faransa kuma akwai Louis Pasteur, wanda ba sa ga maciji da Koch, ga kishin ƙasa ga na sana'a. Pasteur ne ya gwada allurar rigakafin ciwon saifa a kan tumaki a bainar jama'a a 1881, waɗanda aka yi wa suka rayu, waɗanda ba a yi wa ba suka mutu. Allurar da ake yi wa dabbobi yanzu ta samo asali ne daga aikin Max Sterne a Afirka ta Kudu a shekarun 1930, kuma Vom na sarrafa ta. Sau ɗaya ake yi a shekara. Kuɗinta bai kai na buhun dusa ba.

Tarin fuka

Babban aikin da ya ɗaga sunan Koch a duniya shi ne na tarin fuka, wato tibi. A Turai ta lokacin, kusan mutum ɗaya cikin bakwai wannan ciwo ke kashewa, kuma an ɗauka gado ne. Ƙwayarsa ta ɓuya wa kowa domin siririya ce, jikinta kamar an shafe da kakin zuma, ba ta kama rini da sauƙi, kuma ba ta girma da sauri. Koch ya yi ta gwada rini har ya samu wanda ya kama ta. Ya rene ta a kan ruwan jinin dabba da aka daskarar da zafi. Sauran ƙwayoyi kwana ɗaya suke bayyana, wannan sai da ya jira wajen mako biyu. Ya sa wa ɓerayen Masar, suka kamu.

Ranar 24 ga Maris, 1882, ya gabatar da sakamakon a gaban masana a Berlin. Shi ya sa har yau ranar 24 ga Maris ce ranar yaƙi da tarin fuka ta duniya. Ma'anar binciken a sarari take: ciwon ɗauka ake yi, ta tari da numfashi a ɗaki mara iska, ba gado ba ne, ba sammu ba ne. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan ciwo a Afirka. Gwaji da magani kyauta ne a asibitocin gwamnati da aka ware, maganin kuma wata shida ake sha ba fashi. Duk wanda tari ya wuce masa mako biyu, ga rama ga zufar dare, ya je a auna majinarsa.

Kwalara da ruwan sha

A 1883 kwalara ta ɓarke a Masar, aka tura Koch Iskandariya. Annobar ta lafa kafin ya gama, sai ya wuce Kalkata a Indiya. A can, farkon 1884, ya ware wata ƙwaya mai lanƙwasa kamar waƙafi daga hanjin waɗanda suka mutu. Wani ɗan Italiya, Filippo Pacini, ya riga ya gan ta tun 1854, amma ba a saurare shi ba. Abin da Koch ya ƙara shi ne, ya samo ƙwayar a cikin wani kududdufi da mutanen unguwa ke sha, suke wanka, suke kuma wanke kayan marasa lafiya a ciki.

A 1892 birnin Hamburg ya tabbatar da maganarsa da tsada. Birnin na shan ruwan kogi ba tacewa, kwalara ta kashe sama da mutum 8,000 cikin 'yan makonni. Garin Altona da ke manne da shi, wanda ke tace ruwansa ta cikin yashi, bai ga irin wannan ɓarna ba. Ka tuna da 2021, shekarar da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, jihohin arewa har da Sakkwato na cikin waɗanda suka ji jiki. Hanyar ba ta sauya ba: bayan gida ya shiga ruwan sha. Rijiya mai murfi da dakali, guga ɗaya da ba a ajiye shi a ƙasa, masai nesa da rijiya, da tafasa ruwan tafki, su ne katangar.

Inda ya yi kuskure

Koch bai dace a komai ba, kuma kurakuransa ma akwai darasi a ciki. A 1890 ya sanar cewa ya samo abin da ke tsayar da tarin fuka, wani ruwa da ya tato daga ƙwayar, aka sa masa suna tubakulin. Marasa lafiya suka yi tururuwa zuwa Berlin. Ba a yi cikakken gwaji ba, kuma da farko ya ɓoye abin da ke cikin ruwan. Maganin bai warkar ba, wasu ma ya ƙara musu ciwo har suka mutu. Sunansa ya zube sosai. Mutumin da ya koya wa duniya haƙuri da hujja, gaggawa ta kayar da shi. In wannan ya faru da Koch, to ka yi hattara da mai tallar maganin dabbobi a kasuwa wanda kwalba ɗaya ke warkar da komai.

Sai dai ruwan bai tashi a banza ba. An lura cewa jikin da ya taɓa haɗuwa da ƙwayar yana kumbura a inda aka yi allurar. Da wannan ake gwada shanu har gobe: a yi allura a fatar wuya, bayan kwana uku a dawo a auna kumburin.

Kuskure na biyu ya fi shafar mai shanu. A wani taro a Landan a 1901, Koch ya ce tarin fukan shanu ba wani haɗari ba ne ga mutum, don haka ba sai an damu da madara da nama ba. Likitocin dabbobi suka ƙi yarda. Gwamnatin Ingila ta kafa kwamitin da ya yi shekaru yana bincike, aka tabbatar cewa na shanun yana kama mutum, musamman yara, ta ɗanyar madara, yana kuma fitowa a matsayin kaluluwa a wuya ko ciwon hanji ko na ƙashi. Saboda haka uwargida, a tafasa madara a bar ta ta huce kafin a zuba mata iri a yi kindirmo. Tsami kaɗai ba abin dogaro ba ne. Tafasawar kuma tana kashe ƙwayar bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, ya sa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Mahauci kuma in ya ga huhu da ƙulle-ƙulle masu fari-fari kamar cuku, ya kira mai duba nama.

Tafiye-tafiyensa a Afirka

A 1891 aka buɗe masa cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa a Berlin, wadda yau ke ɗauke da sunansa. Bayan rabuwa da matarsa ta fari da sake aure a 1893, ya koma yawan tafiya. A wannan zamani ne bushiya ta ratsa Afirka. Ta iso ƙasashen Hausa da Fulani wajen 1890 zuwa 1891, ta share garkuna, ta bar masu dukiya da sanda kawai a hannu. A 1896 ta kai Afirka ta Kudu, aka gayyaci Koch zuwa Kimberley. Bai ga ƙwayar ba, domin bushiya ba bakteriya ba ce, bairos ce, wadda madubin lokacin ba ya iya nunawa. Amma ya gano cewa in aka yi wa saniya mai lafiya allurar ruwan matsarmamar wadda ciwon ya kashe, tana samun kariya ta wani lokaci. An yi wa shanu masu yawa haka kafin a samo hanyar da ta fi.

Yaƙi da bushiya shi ya sa aka kafa ɗakin binciken Vom a 1924. Ciwon ya sake yi wa Najeriya ɓarna a farkon shekarun 1980, dattawan makiyaya ba su manta ba. Da allurar rigakafi ta ƙasa da ƙasa aka ci ƙarfinsa, har a 2011 aka sanar an kawar da shi daga duniya baki ɗaya. Ka ga amfanin fito da garke ranar allura.

A 1905 aka ba Koch kyautar Nobel saboda aikinsa kan tarin fuka. A 1906 zuwa 1907 ya tafi tsibiran Sese a tafkin Biktoriya yana binciken ciwon barci, ɗan'uwan sammoren shanu, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Wannan babi ba mai daɗi ba ne. Ya gwada wa 'yan Afirka wani magani mai guba da ake kira atoksil da yawan da ya wuce kima, wasu suka makance, kuma a ƙarƙashin mulkin mallaka ba wanda ya nemi yardarsu yadda ya kamata. Masana tarihi na Jamus da Afirka suna tattauna wannan a fili yanzu, kuma irinsa ne ya sa aka kafa dokar cewa ba a gwada magani a jikin mutum sai an yi masa bayani ya amince.

Ciwon zuciya ya kama shi a 1910, ya rasu ranar 27 ga Mayu a garin Baden-Baden yana da shekara 66.

Abin da za ka riƙe

Gadon da Koch ya bari shi ne cewa kowane ciwo mai yaɗuwa yana da ƙwayarsa, ƙwayar tana da hanyar da take bi, kuma in ka san hanyar za ka iya tare ta. Ciwon saifa ta ƙasa da jini yake bi, tarin fuka ta numfashi da ɗanyar madara, kwalara ta ruwa. Harbin daji da ciwon huhu da bakkale kowanne da tasa ƙwayar, shi ya sa allura ɗaya ba ta maganin duka, kuma yi wa dabba allurar kashe ƙwayoyi barkatai ba tare da sanin ciwon ba yana koya wa ƙwayar jure magani ne kawai.

Don haka dabbar da ka sayo a kasuwa, ware ta mako biyu zuwa uku kafin ta shiga garke. Ka yi wa dabbobinka rigakafin saifa da harbin daji da ciwon huhu a kan lokaci, kafin damina ta kankama. Kada ka sayi nama mai arha da ba ka san yadda dabbar ta mutu ba. In ƙurji mai baƙin ɓawo ya fito wa wanda ya taɓa dabba ko fata, a tafi asibiti a ranar, a kuma faɗa wa likita abin da ya taɓa, domin in an kama shi da wuri magani na warkar da shi. Wurin da ka san an taɓa binne irin wannan dabba kuwa, ka kewaye shi, ka nuna wa yaran da ke maka kiwo, su ma su nuna wa na bayansu.